Ƙwayoyin Iya Nana da Ɗan Akuyar Audi

A wani ƙauye da ke bayan Sheme akwai wani yaro mai suna Audi. Yana aji biyar a firamare. Yaro ne mai kaifin ƙwaƙwalwa, sai dai yana da hali guda. In ya ga kamar ya gane abu, to ko kusa ba zai tsaya tambaya ba.

Audi yana da kaka, mahaifiyar babansa. Kowa Iya Nana yake ce mata. Ita da Audi ba sa haɗuwa ba su tsokani juna ba.

"Maigida, yau ma ba cefane?" in ji ta kullum da safe.

"Sai kin daina cinye mini ƙuli-ƙuli, tsohuwa."

"Da wane haƙorin?" Sai su fashe da dariya.

Akwai aiki guda da Iya ba ta bar wa kowa ba. Duk shekara in dawa ta nuna, kafin a fara girbi, ita ce take shiga gona ta zaɓi irin baɗi. Takan bi kunya-kunya tana duba zangarniya. Wadda ta yi mata, sai ta ɗaura mata tsumma. Irin wata kaura ce da ta gada wurin uwar mijinta. Shekara hamsin ba ta taɓa fashi ba, kuma ta yi wa Audi alkawarin bana za ta koya masa.

Da farkon damina sai ciwon baya ya matsa mata. Baban Audi, Malam Yahya, ya kai ta asibiti a Faskari, Audi ya bi su. Likita ya duba ta, ya ce ƙashinta ya yi rauni. Wata ma'aikaciyar jinya mai suna Malama Lidiya ta zaunar da su ta yi musu bayani.

"Kun san azarar da gara ta ci?" ta ce. "Daga waje lafiya lau, ciki kuwa duk ramuka. Haka ƙashin tsofaffi yake yi, musamman mata. Faɗuwa kaɗan sai ya karye."

Iya ta gyara mayafi. "To, ɗiyata, ni tambayata guda ce. Bana ina iya takawa in tahi gona zaɓen iri?"

"In kin bi abin da zan gaya miki, Iya, da yardar Allah za ki je."

Ta ba su wasu fararen ƙwayoyi a 'yar leda. Ta ce kalsiyam ne da bitamin D, masu taimakon ƙashi, a sha ɗaya kullum bayan an karya kumallo. Ta ce Iya ta riƙa shan hantsi, ta riƙa taka ƙafa kowace rana. A yawaita mata nono da zogale da riɗi da ƙananan kifi.

"Wa zai riƙa tuna mata?"

Audi ya ɗaga hannu kamar yana aji. "Ni ne, Malama!"

Mako biyu abu yana tafiya daidai. Da safe ya ba ta ƙwaya kafin ya wuce makaranta. Bayan la'asar ya riƙe hannunta su taka har gindin tsamiyar bakin gari. Amma fa tafiyar Iya, sai mai haƙuri. Kafin su dawo abokansa sun gama buga ƙwallo. Abin yana cin ran Audi.

Ana nan sai ƙanen babansa, Baffa Harisu, ya aiko da saƙo daga Kaduna. Wani ƙaton gwangwani ne mai ƙyalli. A jikinsa ga hoton wata tsohuwa mai furfura, tana gudu tana dariya. Audi ya karanta rubutun. Sunan garin da ke ciki kolajin, kuma an ce yana ƙarfafa ƙashi da gaɓoɓi. Baffa ya bugo waya ya ce a riƙa zuba mata cokali ɗaya a koko. Iyakar abin da ya ce ke nan.

Audi ya ajiye gwangwanin kusa da 'yar ledar asibiti. Ya dubi wannan, ya dubi wancan. Ya ce a ransa, ai in an ga ruwa, taimama ta ɓaci.

To, Audi yana da wani ɗan akuya da Iya ta ba shi. Tun da aka haife shi ƙafafunsa suke rawa, shi ya sa ake kiransa Gwame. Faɗuwa ta zo daidai da zama! Ga ƙwayar ƙashi ta zama rara, ga Gwame yana neman ƙashi. Washegari Audi ya daka ƙwaya ɗaya, ya zuba wa Gwame a dusa.

"Maigida, ina 'yar farar?" Iya ta tambaya.

"An samo wadda ta fi ta, Iya. Tana cikin kokonki. Yawon tsamiya ma an huta. Dubi wannan matar, har gudu take yi."

Iya ta ƙura wa hoton ido. "Ikon Allah! To, kai ne ɗan boko." Da ma tafiyar tana gajiyar da ita. Sai ta koma ɗaki ta shimfiɗa tabarma.

Lokacin noma ne, Malam Yahya tun asuba yake fita gona. In ya duba ledar ya ga tana raguwa, sai hankalinsa ya kwanta, bai san Gwame ke shanyewa ba. Audi kuwa ya koma ƙwallonsa. Haka aka yi mako shida.

Wata Juma'a da safe Iya ta yunƙura za ta ɗauki buta. Ƙafafunta suka ƙi ɗaukarta. Ta tafi luu, ta dafa ƙasa da hannun dama. Audi yana sa takalmin makaranta ya ji salatinta. Ya rugo ya same ta a ƙasa, ta riƙe wuyan hannu, zufa tana keto mata.

A asibiti aka ce ƙashin ya tsage. Aka gyara shi, aka naɗe hannun da filasta. Malama Lidiya ta zo ta tsaya a kansu.

"Tana shan ƙwayar kuwa?"

"Kullum," in ji Malam Yahya. "Ledar ma ta kusa ƙarewa."

"Tafiyar fa?"

Iya ta saci kallon Audi, sannan ta ce, "Ni ce na gaji, ɗiyata. Laifina ne."

Audi ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ga hannunta a karye, kuma tana rufa masa asiri. Hawaye suka zubo masa.

"Ba laifinta ba ne, Malama. Ni na ce ta daina tafiya. Ƙwayar ma ba ita take sha ba. Gwame ne."

"Wane ne Gwame?"

"Ɗan akuyana."

Wata mata da ke gadon kusa ta toshe baki da zane. Malam Yahya kuwa ko murmushi bai yi ba. Audi ya kwashe labarin gwangwani duka ya faɗa.

Malama Lidiya ta ja kujera ta zauna kusa da shi. "Saurara, Audi. Kolajin ba guba ba ne. Masu bincike sun ce yana iya ɗan taimakawa, amma har yanzu ana kan dubawa. Kamar man shanu ne a kan tuwo. Yana da kyau, amma ba ya zama tuwo."

"Ni na karya mata hannu ke nan?"

"Ba zan ce rashin ƙwaya kaɗai ya jawo ba. Zaman ɗaki ne ya kashe mata ƙafa, ƙashin kuma da ma ba ƙarfi. Da ka tambaye ni, ko ka tambayi babanka, da ba a kai nan ba. Kuma maganin mutum ba na dabba ba ne. Gwame yana da nasa malamin, na dabbobi."

A hanyar gida Malam Yahya ya ce, "Iya, bana ba zuwa gona. Ni zan zaɓi irin."

Audi ya ga Iya ta kai gefen mayafi ta share ido. Da bulala goma aka yi masa, da ta fi masa sauƙi.

Bayan magariba ya je ya durƙusa gaban babansa. "Baba, na yi kuskure. Ka yafe mini. Ka bar ni in sake gwadawa."

Malam Yahya ya dube shi. "Na yafe. Amma ji sharaɗi. In Malama Lidiya ta yarda kafin girbi, Iya za ta je. In ba ta yarda ba, ko ƙofar gida ba za ta wuce ba."

Saura wata uku dawa ta nuna. Audi ya zage damtse.

Ya kwashe duwatsu da igiyoyin da ke tsakar gida, kada Iya ta yi tuntuɓe. Ya saro mata sanda mai ƙwari. Kullum da safe sai ya ga ta haɗiye ƙwaya da idonsa. Kolajin kuma, da ya tambayi Malama Lidiya, ta ce a ci gaba da zubawa a koko tunda ga shi. Ya riƙa shimfiɗa mata tabarma a hantsi. Ya riƙa tsinko zogale yana kai wa innarsa ta kwaɗa.

Ranar farko da suka koma tafiya, daga ƙofar ɗaki zuwa randa kawai suka iya. Bayan mako guda suka kai zaure. Daga nan sai masallaci. Gwame, wanda malamin dabbobi ya duba har ya miƙe sarai, yana biye da su yana tsalle.

"Kauce, ɓarawon ƙwaya!" in ji Iya, tana nuna shi da sanda.

In abokansa sun leƙo da ƙwallo, sai Audi ya ce, "Ku fara, ina da aiki." Wani lokaci yana jiyo ihunsu in an ci, zuciyarsa ta yi ta ja. Bai taɓa sakin hannun Iya ba.

Wata rana Iya ta ƙi tashi. "Ƙyale ni, yaron ga. Na gaji. Mi tsohuwa za ta yi da gona?"

Audi ya ajiye sandar. "To, shi ke nan. Baba ya zaɓa. Da ma na ji ya ce duk zangarniya ɗaya ce."

"Mi? Yahya ne ya hwaɗi haka? Wanda in ba a nuna mashi ba bai san kaura da farfara ba? Miƙo mani sandata!"

Ran nan har tsamiya suka kai, suka wuce ta.

Aka cire filasta, hannu ya warke. Da dawa ta fara ja, aka koma Faskari. Malama Lidiya ta ce Iya ta tashi daga kujera ba tare da ta dafa komai ba. Iya ta yunƙura, ta miƙe tsaye. Ta taka har bakin ƙofa, ta juyo, ta dawo.

"Ƙashi ba ya cika a wata uku," in ji Malama Lidiya. "Za ta ci gaba da shan magani. Amma ƙafa ta dawo. Ta je gonarta, a hankali, da mai riƙe ta."

Audi ya daka tsalle, har ya manta a asibiti yake.

Ranar Asabar da hantsi Malam Yahya ya kawo amalanken shanu ƙofar gida. "Bismillah, Iya, hau."

"Mai da shanunka. Da ƙahwata zan tahi."

Ta riƙe sanda a hagu, Audi a dama. Mutane suka fito ƙofar gidajensu suna kallo. "Sannu, Iya! Allah ya ƙara lafiya!" Wata maƙwabciya ta rangaɗa guɗa. Yara suka biyo su, har da 'yan ƙwallo, Gwame yana kan gaba. Sau biyu Iya ta tsaya ta huta. Ba ta waiwayi amalanke ba ko sau ɗaya.

Da ta sa ƙafa cikin gona sai ta ce, "Alhamdu lillahi." Ta kamo zangarniya ta farko, ta auna ta a tafin hannu. Ta ɗaura mata tsumma da hannun nan da ya karye. Malam Yahya ya juya baya yana gyara hula, don kada a ga idonsa. Audi kuwa farin ciki ya cika shi, bakinsa ya ƙi rufuwa.

Iya ta miƙa masa tsumma. "To, Maigida, zaɓi taka."

Audi ya hango wata ƙatuwar zangarniya da ta fi kowace tsawo. Ya ruga ya kamo ta, har ya fara ɗaurawa. Sai ya tsaya cak. Ya juyo.

"Iya, wannan tana da kyau kuwa? Yaya ake ganewa?"

Iya ta matso ta buɗa tsakiyar zangarniyar da yatsa. Wani baƙin gari ya zubo. "Ka gani? Cuta ce. Da ka ɗaura, da baɗi ta bi gonar duka." Ta kamo wata matsakaiciya a gefe, ta ɗora masa a hannu. "Ji nauyinta. Dubi yadda ƙwayarta ta cika ta matse. Wagga ita ce iri."

Audi ya ɗaura tsummansa a kanta, ya ƙulle da kyau.

Iya ta dafa kansa. "Yau dai mijin nawa ya tambaya kafin ya yanke. Yahya, a yanka mashi kaza!"

Tun daga ranar Audi ya riƙe darasi. Magani ba a sauya shi don an ga wani mai ƙyalli, sai an tambayi ma'aikacin lafiya. Kuma in aka ba ka amanar kula da tsoho, to ka riƙe ta har ƙarshe, ko da abokai suna can suna buga ƙwallo.