Sauro a Cikin Kaki

Da safiyar wata Asabar a watan Satumba, Signe Halvorsen ta buɗe ɗakin ajiyar ƙungiyar masu tseren sulu kan ƙanƙara ta garin Ely, ta sauke dogayen katakan da take ɗaurawa a ƙafa don tsere. Ta hau kansu, ta sa aka zura takarda a ƙarƙashin tsakiyarsu. Takarda ta maƙale. Nata, da aka zaɓa daidai nauyinta, ba sa cizon takarda. Launi ɗaya, tsayi ɗaya, amma an yi musanya.

Da saukar ƙanƙarar farko za a yi tseren zaɓen waɗanda za su tafi horo Alaska. Da waɗannan ragwayen katakai, Signe sai dai ta ga ƙeyar mutane.

'Yar sanda Sajan Dorene Kettunen ta iso da kofin gahawa a hannu. Mace ce da ba ta san zama ba. Ko a coci a tsaye take sauraron wa'azi. Ta zaga ɗakin, ta dawo, ta sake zagawa.

"Su wa ke da makulli?"

"Baba Arvo mai kula da ɗakin, da Koci Brekke," in ji Signe. "Sai Babana, shi ya gyara rufin nan."

Dorene ta fara da tsoho Arvo, wanda tuni gari ya yanke wa hukunci.

"Yaushe ka shafa wa katakan Signe kaki?"

"Afrilu, 'yata, kamar kullum. A goge da dutsen guga, a bar shi da kauri ba kankarewa, kada ƙasan katakon ya bushe. A ɗaure sako-sako a wuri mai sanyi."

"An ce ka sayar da su."

"An ce! Da tsufana zan fara sata?"

Dorene ta juya ɗaya daga cikin katakan musanyar wajen taga. Kakin na nan da kauri, aikin gwani. Kusa da wutsiya ta ga wani baƙin ɗigo. Ta kankare da farce: sauro ne, da ƙafafunsa. Ga wani can gaba.

Koci Brekke ya kai ta ɗakin aikinsa na ƙarƙashin ƙasa, ba taga, sai fanka mai zuƙe hayaƙi.

"Nan kaɗai kake guga?"

"Nan kaɗai. Ni da na fi kowa son yarinyar nan ta ci? Haba Sajan."

Ba ta tsaya shan gahawarsa ba.

Ta tarar da Gunnar, mahaifin Signe, a rumfarsa ta bakin tafki, wadda ba ta da ƙofa. Yana wasa gatari da ya riga ya yi kaifi. Tun rasuwar matarsa, shi da 'yar tasa kaɗai suka rage a gidan. Signe ta tsaya daga baya.

"Gunnar, yaushe ka gyara rufin?"

"Yuni."

"Sauro ya dame ka?"

"Wa bai dama ba?"

Ta ajiye masa ɓarɓashin kakin a kan teburi.

"A Afrilu tafkin nan a daskare yake, babu sauro ko na magani, don haka ba gugar Arvo ba ce. Ɗakin Brekke ko ƙuda ba ya shiga. Wanda ya yi wannan ya iya aikin, yana da makulli, kuma a fili ya yi gugarsa lokacin zafi." Ta nuna dutsen gugar da ke rataye. "Ina katakanta suke?"

Gunnar ya ajiye gatarin. Sannan ya shige gida, suka bi shi. Ya durƙusa ya jawo su daga ƙarƙashin gadonsa, naɗe cikin bargon marigayiya, ɗaure sako-sako, kakin da ke jikinsu ko ƙwarzane babu. Dorene ta ji tausayinsa, ta kuma ji haushinsa, don wata uku ke nan yana gaisawa da Arvo, alhali ya san a kansa zargi zai faɗa.

"Baba, don me?" in ji Signe.

"Na san in kin hau su za ki ci. In kin ci, kin tafi."

"To me ya hana ka karya su?"

Ya shafa katakon da tafin hannu.

"Na ɗauki gatari sau biyu. Naki ne."

Signe ta rungumi katakanta ta yi waje. A bakin ƙofa ta tsaya, ba ta waiwayo ba.

"Ka sa takalmi, Baba. Gidan Baba Arvo za mu fara zuwa."