Taƙi Guda Ƙarƙashin Azara

Almuru ta kawo jiki a garin Sheme lokacin da Rabo mai fenti ya sauko daga tsani. Ya ja da baya har bakin ƙofa, ya riƙe ƙugu yana kallon ɗakin mahaifiyarsa. Shuɗin fenti mai maiƙo ya hau bango tun daga daɓe har inda bango ya gamu da azara, ya tsaya cak, ko ɗigo bai taɓa rufin ba.

A shekarun nan kuɗi sun shigo ƙasa, duk wanda ya sayar da auduga sai ya ce a yi masa fenti. Masu buroshi sun yi yawa, amma kai fenti har rufi ba tare da an shafa wa azara ba, wannan sai Rabo. Zare yake tsomawa a bula, ya ɗaure shi kusurwa zuwa kusurwa, ya ja ya saki ya bar masa layi. Sannan ya taka tsani ko da rufin ba shi da tsawo, don layin ya zo daidai idonsa, ya ɗauki ƙaramin buroshi, ya yi bisimilla, ya riƙe numfashi, ya bi layin a hankali. In dai son yabo ciwo ne, to Rabo ya daɗe a kwance.

Inna Hajaratu ta tafi Makka a shekarar, shi kuwa ya ƙudura sai ta dawo ta kasa gane ɗakinta. Tun yana yaro yake ganin tana shafe shi da farar ƙasa, kullum kuma sai ta bar taƙi guda a ƙarƙashin azara, baƙi ƙirin da hayaƙi. Bai taɓa tambaya ba. Inna gajeruwa ce, ya ɗauka hannunta ne ba ya kaiwa. A cikin wannan baƙin, a kusurwar gabas, ya tarar da wata tsaga da yatsa biyu za su shiga. Ya kwaɓa siminti ya toshe ta, ya goge, ya bi da fenti.

"Da ka bari ta dawo," in ji matarsa Barakatu daga madafa.

"Ke dai zo ki ga layi," ya ce.

Ba ta zo ba, don kaji sun ƙi shiga akurki. Awaki sun cure a jikin rumbu sun daina tuƙa. Gidan ya yi tsit, irin shirun da mutum ke jin bugun zuciyarsa. Sai wani ɗan dutse ya faɗo tsakar gida, ya gangara, ya tsaya daidai ƙafar Rabo. Ya ɗauka ya ji shi da ɗumi.

'Yarsa Lauratu, wadda ke kwana da kakarta tun da aka yaye ta, ta shiga ɗakin da fitila kamar yadda ta saba. Ta daɗe ba ta fito ba. Da ta fito, fitilar a mace take.

"Baba," ta ce, "wa ke kuka cikin bango?"

Daga ranar, magariba ta zama abin tsoro a gidan. Da rana ta faɗi sai jifa, ba daga waje ba, daga sama, dutse bayan dutse, duk a ƙofar ɗakin Inna. Maƙwabta suka zagaye gidan da sanduna, ba su ga ko kare ba. Waɗanda suka leƙa ɗakin suka ɗaga kai, suka ce kai, Rabo ya iya layi, suka fita.

Lauratu ta daina ci, ta daina magana. Da an yi sake sai a same ta a kusurwar gabas, ta yi ɗage, tana yaƙushin bango har faratanta suka cika da shuɗi da jini. Aka yi hayaƙi, aka sha rubutu, aka kai ta asibiti aka dawo da ƙwayoyi. Yarinya dai sai ƙara zubewa take. Rabo yakan zauna ya riƙe mata hannuwa, tana fizga da ƙarfin da ba nata ba, yana kiran sunanta tana kallon bayan kansa. Tausayi da tsoro suka cinye shi. Mutumin da bai taɓa rasa dabarar bango ba, ga shi ya rasa ta 'yar cikinsa.

Ranar kasuwar Yankara wani ɗan'uwan Barakatu ya zo da Malam Zailani, dattijo mai ƙaramar murya da aka sani da aikin iska. Ya iso bayan la'asar. Bai tambayi komai ba. Ya sa aka shimfiɗa tabarma a ɗakin, aka zaunar da yarinyar, ya fara karatu a kunnenta. Hasken ƙofa ya yi ta raguwa. Can jikin Lauratu ya sandare, wuyanta ya lanƙwashe, bakinta ya buɗe, muryar wata tsohuwa ta fito.

"Bari ƙona ni, Malam. Ni anka zalunta."

"Wace ce ke?"

"Maƙwabciyar Hajaratu. Tun tana amarya muke ɗakin ga. Ƙasa tata, sama tawa, taƙi guda tsakaninmu. Ba ta taɓa ƙetarewa ba, ban taɓa ko fasa mata ƙoƙo ba."

"To mi kike nema ga yarinya?"

Yatsan Lauratu ya ɗaga a hankali, ya nuna kusurwar gabas.

"Na fita da hantsi na bar ɗana yana barci. Na dawo na iske ƙofata a toshe."

"Ke da bango bai tare ki?"

"Da bisimilla ya toshe ta. Abin da anka rufe da sunan Allah ba mu iya buɗe shi." Muryar ta karye. "Na yi ta jifa ku ɗaga kai. Kun ɗaga, kun yabi layi."

Rabo ya ɗaga kai ya dubi kusurwar. Malam ya juyo ya ce masa, "Hau ka buɗe, da sunan da ka rufe."

Ya jingina tsani, ya hau da kurfi da guduma, ya yi bisimilla. Ya sari layin da ya fi kowane layi kyau a rayuwarsa, siminti na zubo masa a fuska. Da tsagar ta buɗe, wata iska mai sanyi ta fito ta wuce ta gefen kunnensa. A ƙasa, hannuwan Lauratu suka naɗe a ƙirjinta kamar mai rungume da jinjiri, tana jijjigawa. Sai kuka ya ɓarke, kukan uwa, wanda ko Barakatu da ke ƙofa sai da ta taya.

"Yana da rai," in ji muryar. "Amma hannun da ya yi ta tonon siminti da shi ya shanye. Ba ni fita. Ɗiyarku ta zama tawa."

"Ƙarya kike," in ji Malam, bai ɗaga murya ba. "Bai sani ba, kuma yarinya ba ta yi maki komi ba. Ki ji tsoron Allah ki fita, ko in ci gaba."

Ya ci gaba da karatu. Jikin yarinyar ya yi ta bugun ƙasa, idanunta suka juye, numfashinta ya koma sama-sama. Rabo na kan tsani yana kallo, ba abin da zai iya.

"Tsaya!" muryar ta ce. "Ni bar ta. Amma a kankare man taƙina, kuma a ba ni hannun da ya ja layin."

"Taƙi dai a kankare," in ji Malam. "Hannu kuwa babu. Rabo, kada ka amsa, ta kusa..."

Amma Rabo ba Malam yake kallo ba. Leɓen 'yarsa yake kallo, wanda ya fara yin fari.

"Na ba ki," ya ce.

Malam ya runtse ido, ya yi salati. Lauratu ta yi atishawa mai ƙarfi, ta sake yi, jikinta ya saki. Wani abu ya gitta ta sama, ƙura ta zubo daga azara, a waje kuma aka ji kaji suna shiga akurki.

"Baba," ta ce da muryarta, "ruwa."

Ya diro ya ruga randa. Kafin ya iso da moɗa, rabin ruwan ya zube a daɓe. Ya dubi hannunsa na dama yana karkarwa kamar ganye, ya dafe shi da na hagu, bai daina ba. Lauratu ce ta tallafi moɗar ta sha.

Barakatu ce ta kankare taƙin washegari, don shi wuƙa ba ta zama a hannunsa. Jifa ya ɗauke. Masu son fenti suka yi ta sallama a ƙofar gida, tun suna dawowa har suka daina.

Da alhazai suka sauka, Inna Hajaratu ta shigo ana guɗa. Ta tsaya a bakin ɗakinta. Ta dubi shuɗin bango, ta dubi baƙin taƙin da aka kankare, ta dubi faratan jikarta da ba su gama tsirowa ba. Sannan ta dubi hannun da ɗanta ke ɓoyewa cikin riga.

"Inna," ya ce, "na ɗauka hannunki ne bai kai ba."

Ta matsa jikin bango, ta miƙa hannu ba tare da ko ɗage ba, ta dafa azara. Sannan ta sauke shi, ta kamo nasa ta riƙe gam, yana ta karkarwa a cikin tafinta.