Baiti Ɗaya, Falwaya Goma

Ranar da Lisandro ya fara ganin Ayelen, ƙafafunta kawai ya gani, sun leƙo daga ƙarƙashin wata tsohuwar Fijo 404 shuɗiya a garejin mahaifinta Don Anselmo, can bakin garin Balcarce na ƙasar Ajantina.

"Miƙo min sifana mai lamba sha uku," in ji muryar.

Ya miƙa. Ta turo kanta waje, baƙin mai a kumatunta, ta dubi sifanar ta dube shi.

"Wannan sha huɗu ce. Kullum haka kake gaggawa?"

Lisandro ya koma ya ɗauko mata mai lamba sha uku.

A kulob ɗinmu na tsofaffin motoci ba wanda ya riga isa ke cin tsere ba. Ana yanka maka lokaci ne, in ka iso da wuri ka faɗi kamar wanda ya makara. Direba na tuƙi, na gefensa na riƙe da agogo. Shekara ashirin Don Anselmo na tuƙa Fijon nan matarsa na riƙe masa agogo. Da ta rasu ya lulluɓe motar da tamfol, idanunsa ma suka yi rauni. Yanzu 'yar ce ke son tada ta, direba kawai ta rasa, sai Lisandro ya ce shi zai tuƙa.

Wata uku suna kwance inji suna ɗaurawa, ƙoƙon shayin mate na yawo tsakaninsu, tsinken zuƙa ɗaya. Shi dai Lisandro ji yake kamar mafarki yake yi da rana tsaka.

Ya rubuta mata: "Siririyata, yau na wanke hannuna sau uku, ƙamshin garejinku ya ƙi fita. Na ji daɗi da ya ƙi."

Ta amsa: "Sarkin gaggawa, kananzir ne. Amma ni ma na yi kewarka."

A tserensu na farko aka yi ɓarna. Fabricio mai sayar da taraktoci, wanda ya daɗe yana zarya gidan, ya wuce su a jar motarsa yana ɗaga wa Ayelen hannu. Kishi ya taka totur da ƙafar Lisandro. Tana cewa ya sassauta, bai ji ba. Suka iso da wuri da daƙiƙa arba'in, suka zo na ƙarshe.

Don Anselmo ya zare makulli.

"Yaro, wanda ba ya jin mai agogo a mota, wa zai ji a gida? Ba motata, ba 'yata."

Lahadi mai zuwa aka ga Ayelen a motar Fabricio a hanyar Tandil. Lisandro ya kasa cin ko loma.

"Allah ya sanya alheri. Shi ai ba ya gaggawa," ya rubuta mata.

"Wawa. Baba ne ya sa ni. Shi yana ta surutu, ni ina ƙirga falwayoyin hanya saboda tseren wata mai zuwa. Na roƙa maka dama ɗaya. In ka ɓata ta, ba zan iya saɓa masa ba."

Ranar tseren Tandil, Don Anselmo ya miƙa makulli ba tare da ya kalle shi ba.

"Ka kawo min ita a kan lokaci."

Fili ya miƙe kore shar, shanu jefi-jefi, gajimare na binsu a hankali. Saura kilomita goma sha biyu agogon mahaifiyar Ayelen da ke hannunta ya tsaya cak. Ta girgiza shi, shiru.

"Mun shiga uku," in ji Lisandro.

"Kalli hanya kawai, masoyina. Mama tana da waƙar da take min ta barci. Baiti ɗaya, falwaya goma. In na gama baiti kafin ta goma, ka ƙara wuta. In ban gama ba, ka sassauta."

Ta fara rerawa ƙasa-ƙasa, yatsanta na buga gwiwa duk falwayar da ta gifta. Sai ga Fabricio ya sha gabansu yana danna oda. Ƙafar Lisandro ta yi ƙaiƙayi. Ya bar jar motar ta ɓace, ya bi muryar.

Da suka taka layi, mai rubuta lokaci ya duba takardarsa sau biyu. Daƙiƙa ɗaya suka makara, ba wanda ya kai su kusa.

Don Anselmo ya karɓi mataccen agogon ya juya shi a tafinsa.

"Da me kuka ƙirga?"

"Da waƙar Mama."

Tsohon ya juya baya yana share ido da hularsa.

"Shekara biyu na yi kafin na yarda in bi waƙar nan," ya ce. "Zo ka ci nama, ɗana."

Ranar aure, Lisandro na tsaye ƙofar coci wayarsa ta yi ƙara.

"Amarya ba ta zuwa da wuri. Zan makara minti ashirin. Kada ka motsa."

"Ko shekara ce ina nan, Siririyata."

Minti ashirin cif shuɗiyar Fijo ta tsaya, an yi mata ado da farin ƙyalle. Don Anselmo ya haɗa hannayensu, ya sa makullin da agogon a tsakani.

"Allah ya ba ku doguwar hanya, ya sa ku iso tare. Kai tuƙa, amma ka riƙa jin ta."

Muka ce amin, motocin kulob duka suka danna oda.