Allurar Alhamis

A wani gari an yi wata yarinya 'yar sakandare mai ciwon amosanin gaɓoɓi. Duk Alhamis takan yi wa kanta allura a cinya, wannan makon dama, wancan hagu. Allurar akwai zafi, ita kuwa ta gaji.

Ran nan ta ɗauko allurar, ta dube ta, ta mayar. Ta ce, "Gobe." Da gari ya waye ta sake cewa, "Gobe."

Ita ce gwanar kitso a ajinsu, ta kuma yi wa ƙawarta Ladiyo alkawarin shuku na walimar saukar karatunta. Ranar kitso yatsunta suka kumbura, kibiya ta suɓuce mata har sau uku.

Ladiyo ta tsokane ta, ta ce, "Ke Kaka, yau hannun yajin aiki yake?" Sai ta ga hawaye a idon ƙawarta.

Yarinyar ta shiga ɗaki ta ɗauko allurar. Uwarta ta ce, "Kawo in yi miki."

Ta ce, "A'a Inna, riƙe min ƙanƙara dai a wurin, ta rage zafi."

Ta yi bisimilla, ta soka a dama. Zafin na nan yadda ta bar shi.

Yatsun ba su saki da wuri ba, wata ce ta yi wa Ladiyo kitson. A wurin walima Ladiyo ta ɗaga ɗankwali ta raɗa wa yarinyar, "Dubi ɓarnar da kika ja min."

Da Alhamis ta zagayo, yarinyar ta ɗauko allurar, ta yi ajiyar zuciya. Ta ce, "Inna, ƙanƙara. Yau ta hagu ce."