Ƙofar da Yaya Ya Bari a Buɗe

"Wallahi ka sake cewa 'haka ne, Yaya', sauka zan yi in ƙarasa da ƙafa."

Auta ce ta faɗa ƙasa-ƙasa a gidan mai, bayan yayanta ya shiga kanti sayen ruwa. Dogo ya mayar da murfin tanki yana murmushi.

"Haba sanyin idona, surukina ne fa..."

"Bai zama ba tukuna. A haka kuma ba zai zama ba."

Karatu ne ya kawo su ƙasar nan, ita da Dogo da ƙawarta da ake kira Rediyo saboda surutu. Duk zamansu daga aji sai ɗaki, shi ya sa da suka gama suka yi hayar mota don su ga ƙauyuka karo na farko. Yaya ya zo taya ta murna, amma da aiki a kansa: Baba ya ce ya dubi yaron da Auta ta kawo maganarsa, abin da ya yanke shi za a yi.

Jiya kuwa Yaya ya ja ta gefe. "Yaron nan ba shi da aibu, amma ya cika sanyi. Ko na ce rana daga yamma take fitowa zai ce haka ne. Wanda bai iya cewa a'a ba, ta yaya zai riƙe barkono irinki?"

Abin da ke ci mata rai ke nan. An rene su a kan cewa ladabi shi ne gyaɗa kai, babba ya kama hanyar rami kowa ya bi shi da "ranka ya daɗe". Ga shi Dogo, wanda ta sha ganin yana musu da malamansu har su sara masa, ya koma ƙadangare a gaban Yaya.

Hanyar dai ta yi daɗi. Tuddai kore shar, gidajen dutse jefi-jefi, iska mai ƙamshin ciyawa tana shigowa ta taga. Rediyo tana rera waƙa da muryar da za ta kori ɓarawo.

"Kai, ku dubi tumbin shanun nan," in ji Yaya. "Waɗannan ai sun ci zaɓe."

"Haka ne, Yaya."

Auta ta mintsini Dogo ta bayan kujera.

Sai suka bar kwalta suka bi wata 'yar hanya da ta ratsa makiyaya. Ƙofar katako ta tare su. Yaya ya sauka ya buɗe, Dogo ya wuce da mota. Da Yaya ya hango tarakta can baya, sai ya bar ƙofar a wangale ya dawo.

"Ba ka rufe ba, Yaya," in ji Auta.

"Ga mutum nan tafe. A ina kika ga ana rufe wa mutum ƙofa a fuska? Karatun ya cinye tarbiyyar ke nan?"

Sun hau tudu Rediyo ta juya za ta ɗauki hoto, sai waƙar ta tsaya cak.

"Jama'a... taraktar fa ta karya kwana. Ga kuma tumaki suna fita."

Suka waiga. Garke guda ne yake kwarara ta ƙofar, ya nufi babbar hanya inda manyan motoci ke gudu.

Yaya ya share goshi. "Mu tafi. Dabba ta san gidanta. Kafin mai su ya haɗa mu da hukuma a ƙasar mutane."

"Yaya, dukiyar wani ce," in ji Auta. "Mu muka buɗe..."

"Ke, da ke nake? Dogo, ja mu tafi."

Auta ta dubi ƙeyar Dogo. In ya ja motar, Yaya zai ƙara raina shi, ita ma ba ta san da wane ido za ta sake kallonsa ba. In ya ƙi, ya ja da mutumin da aurensu ke hannunsa.

Dogo ya kashe mota, ya zare makulli.

"A'a, Yaya. Ka yi haƙuri. Ba inda zan tuƙa sai tumakin nan sun koma."

Bai jira amsa ba ya zura da gudu. Auta ta tattare siket ta bi shi, Rediyo na biye tana salati.

Ashe tumaki ba su san digiri ba. Ka tare nan su ɓalle can. Dogo ya riga su bakin kwalta ya ware dogayen hannuwansa, Auta na kaɗa mayafi, muryar Rediyo kuwa yau ta yi rana, don ihu ɗaya ta yi garken ya juya. Saura wani rago mai taurin kai, sai ga Yaya ya ɓullo ba takalmi, ya cafke shi ta ƙaho. Ragon ya ja shi kiii, ya zube shi cikin taɓo.

Yaya ya ɗago, fuska duk laka, ya fashe da dariya. Nan kowa ya saki tasa, Auta har da riƙe ciki.

Da kansa ya rufe ƙofar, ya jijjiga ta ya tabbatar. Wata tsohuwa mai gonar ta iso tana haki, ta dubi garkenta, ta dubi Yaya, ta dafe baki. Ba su tafi ba sai da ta kawo musu ruwan ɗumi da tawul, ta cika wa Auta mayafi da tuffa.

Suka koma mota. Yaya ya ciro waya, ya kira gida.

"Baba, barka da yamma... Eh, na dube shi. Yaron ba shi da ta ido. A gaban mata ya ce min a'a, ya zare makulli."

Auta ta runtse ido.

"Eh, Baba. Ka ce wa iyayensa su zo."

Rediyo ta ƙanƙame ta. Hawaye suka ɓalle wa Auta, tana dariya tana sharewa da hannu mai warin tumaki.

Yaya ya dubi Dogo. "Kai kuma, barkonon nan ka ɗauko da hannunka. Kada ka zo min da ƙara."

"Haka ne, Yaya."

Auta ta ɗaga yatsu za ta mintsine shi, sai ta fasa, ta miƙa masa tuffa.

"Wannan karon na yafe."