Minti Goma a Bakin Gangare

"Ka ce kullum sai ya tsaya?"

Gatari ne ya yi tambayar, yana goge bindiga da tsohuwar singileti. Su huɗu ne a bayan wani gareji da aka daɗe da rufewa, rana ta take, warin baƙin mai ya cika wurin. Ga Gatari shugaba, ga Kwalba mai tuƙa motar gudu, ga Tsinke gwanin ɗaure mutane. Na huɗun ƙanen Gatari ne uwa ɗaya uba ɗaya, wanda suka cusa ya koyi tuƙin tirela a hannun wani tsohon direba wata biyu da suka wuce. Tsohon ne ya raɗa masa Sabon Hannu, sunan ya bi shi har cikin ɓarayi.

"Kullum," in ji Sabon Hannu. "A bakin babban gangare. Minti goma cif."

"Yana uban me?"

"In sa waji in tokare taya, shi kuma ya bi tayoyi da ƙarfe yana ƙwanƙwasawa, ya ɗaure birki, ya jira iskar birki ta cika. Sannan ya sa ƙaramar giya, mu gangara kamar masu rakiyar gawa."

Kwalba ya tuntsire da dariya. "Tsoho ya shimfiɗa mana tabarma da hannunsa! Tan talatin na wayar tagulla, kai maza, mun warke!"

Sabon Hannu bai yi dariya ba. Wata biyun nan sun ɓata shi, in ji yayansa. Baba, haka kowa ke kiran tsohon, kwano ɗaya suke ci. Ranar da ya fara ja da baya bai bugi komai ba, Baba ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Ɗana, kana da hannu. Za ka ci abinci da wannan sana'a." Shekararsa talatin a duniya, ba wanda ya taɓa gaya masa haka.

"Yaya, alƙawari fa. A ɗaure shi a bar shi a gindin bishiya. Ba a taɓa shi."

"Na ji."

"Kuma ni ban taɓa gangarawa da lodi ba. Mota wayam kawai yake ba ni."

"Kai dalla! Tuƙi ai tuƙi ne." Gatari ya soke bindigar a ƙugu, ya ƙifta wa Tsinke ido. Sabon Hannu ya ga ƙiftawar, amma ya yi kamar bai gani ba. Wannan shi ne laifinsa na farko, kuma ni dai ban yafe masa shi ba.

Washegari da azahar tirelar ta iso bakin gangaren tana nishi. Baba ya ja birkin hannu.

"Waji!"

Sabon Hannu ya dire, ya ciro wajin, guntun katakon nan mai nauyi da ake tokare taya da shi, ya cusa a baya. Baba ya sauko da ƙarfensa. Ƙwan! Ƙwan! Taya ta ɗaya, ta biyu. Ya duƙa a ta uku.

"Zo ka gani, birkin nan ya saki. Miƙo mini sufana mu ɗaure kafin—"

Ƙaramar mota ta ci burki a bayansu, ƙura ta tashi. Ƙofofi suka buɗe.

"Kwanta! Kwanta, tsoho!"

Baba ya ɗago. Ya dubi bindigar, ya dubi yaronsa da ke tsaye ba wanda ya nuna masa komai. Nan take ya gane. Bai yi ihu ba.

"Ashe kai ne?"

Sabon Hannu ya sunkuyar da kai. Tsinke ya murɗe hannayen tsohon ya ɗaure, ya cusa masa tsumma a baki. Maimakon su nufi bishiya, sai suka ciccibe shi suka jefa a gadon da ke bayan kujerar direba.

"Yaya, ba haka muka yi ba!"

"Ya san fuskarka, ya san gidan uwarmu. In mun sauke kaya zan sallame shi. Hau ka ja!"

"Birkin bai ɗauru ba. A ba ni minti goma."

"Ko minti ɗaya! Hau!"

Sabon Hannu ya zare wajin ya jefa a ma'ajiyarsa, ya hau. Gatari ya zauna a gefensa. Ya sa ƙaramar giya kamar yadda aka koya masa, motar ta soma rarrafe.

"Me ye haka? Biki za mu? Ƙara giya!"

"Baba ya ce—"

Bakin bindiga ya taɓa haƙarƙarinsa. Ya ƙara. Ya sake ƙarawa. Tan talatin suka jingina da bayansu suka fara turi.

Can ƙasa wani direban tanka yana hawowa. Shekara ashirin ya san motar Baba, ya san ba ta gangarawa sai a hankali, da oda biyu na gaisuwa. Yau ta wuce shi fuuu, ba gaisuwa, hayaƙi na tashi daga tayoyin baya. Ya figi waya ya kira sufeton da ke shingen gindin gangare.

"Ranka ya daɗe, ba mai motar ke tuƙa ta ba! Wallahi ba shi ba ne! Ga wata ƙaramar mota tana bin ta!"

Sufeto ya ajiye kofin shayi. "Ku janye mutane daga titi! A fito da mota!"

A cikin tirelar, Sabon Hannu ya danne birki tun daga sama bai ɗaga ba, kuskuren da Baba ya hana shi sau ɗari. Ƙauri ya shigo. Allurar iska tana faɗuwa. Ya taka — laushi! Ya sake takawa — ba komai!

"Babu birki! Yaya, babu birki!"

"Rage giya mana, shege!"

Ya gwada. Ƙarrr! Giyar ta ƙi shiga. Kwana ta taso, ya murɗa sitiyari, bodin ya karkata, tayoyi suka yi ƙara, da ƙyar ta dawo. A baya Baba yana dukan bango da ƙafa.

"Cire masa tsumman! Shi kaɗai ya san abin yi!"

Gatari ya zazzaro ido, gumi ya jiƙa masa riga. Ya miƙa hannu ya fizge tsumman.

Baba ya yi tari. Muryarsa ta fito a natse, kamar suna filin koyo.

"Bar giyar, ta wuce. Riƙe sitiyari da hannu biyu. Bayan kwana ta gaba akwai hanyar yashi a dama, mai hawa tudu, don irin wannan ranar aka yi ta. Miƙe mata kai. Kada ka waiwaya."

Suka sha kwanar. Ga hanyar yashin. Can ƙasa kuma ga shinge, ga fitilar 'yan sanda, ga motoci cike da mutane a layi.

"Wuce!" Gatari ya daka tsawa. "Bi ta kansu! Ka shiga yashin nan na fasa kanka!"

"Dama, ɗana," in ji Baba.

Ya murɗa dama.

Gwaram! Yashi ya rufe gilashi. Kan motar ya nutse, lodin ya daki baya. Gatari, wanda ya raina ɗamarar kujera tun da ya shigo, ya fita ta gilashi da bindigarsa. Kujera ta ɓalle ta danne ƙafar Baba. Sai shiru.

Sabon Hannu ya faɗo ƙasa, jini a goshi. Ƙaramar motar ta tsaya a bakin titi, Kwalba ya leƙo, Tsinke na gefensa.

"Shigo! Ga su nan tafe!"

"Yaya fa?"

"Bar shi, ya gama yawo! Shigo, kason ya zama na mutum uku!"

Ko kallon gawar shugabansu ba su yi ba. Sabon Hannu ya yi taku biyu zuwa motar. Sai ya ji wani kuka a bayansa, ƙiii. Tirelar ta fara zamewa da baya. Birki ya ƙone, ba abin da zai riƙe ta, a bayanta kuwa rami ne mai zurfin gaske. Daga cikin kan motar murya ta fito, a shaƙe.

"Waji!"

Bai yi tunani ba. Ƙafafunsa ne suka juya. Ya fizgo katakon, ya bi tayar tana birgima, ya cusa. Ta haye shi kaɗan, ta tofar. Ya sake cusawa ya tokare da ƙirjinsa, yana kiran sunan Allah. Tayar ta cije. Ta tsaya.

Jiniya ta matso. Kwalba ya zage shi, ya ba motarsu wuta.

A durƙushe 'yan sanda suka same shi, hannu biyu a kan wajin. Sufeto ya ce ya tashi, shi kuwa ya ce ba zai saki ba sai an ciro tsohon. Sai da aka ciro shi ya miƙa hannu aka sa ankwa.

Kwalba da Tsinke ba su yi nisa ba, kwana biyu aka kama Tsinke, kafin a mare shi ya nuna inda Kwalba ya ɓuya. Gatari aka kai wa uwarsa a likkafani, ɗayan ɗan nata kuma alƙali ya ba shi shekara goma sha biyu. Baba ya rayu, amma an yanke ƙafar hagu, ƙafar kulochi. Shekara talatin da biyar a kan hanya, ta ƙare a nan.

Sau ɗaya ya je gidan yari, yana dogara sanda. Sabon Hannu ya kasa haɗa ido da shi, hawaye kawai yake yi.

"Baba, ka yafe mini."

Tsohon ya daɗe yana kallon hannayen da ke riƙe da ƙarfen taga.

"Yafiya sai a hankali, ban iso wurin ba tukuna," ya ce. "Abin da na zo gaya maka daban ne. Da ma na gama magana da mai kamfani. Ranar nan, in mun sauka gangaren lafiya, kai zan miƙa wa makullin motar."