Sarewa a Bakin Ƙofa

Tun ranar da Yaya ya dawo daga jami'a da labarin baƙi, gidan Hedimasta bai sake zama shiru ba. 'Yan mata ne biyu, ɗalibai daga wata ƙasa mai nisa, za su yi mako biyu a gidan don su ga yadda ake rayuwa. Yaya ne malamin da aka ɗora wa kula da su.

"A ɓoye turmin nan!" in ji Baba, yana zagaya tsakar gida da hannu a baya kamar yadda ya saba zagaya aji. "A sayo cokula masu yatsu da abincin gwangwani. Ba za a je wata ƙasa a ce gidana ba a waye ba."

"Malam, shi kuma turmin laifin me ya yi?" Inna ta tambaya.

Auta ta ƙyalƙyale da dariya daga kicin. Inna ta ji daɗi a ranta, don rabon yarinyar da dariya wata huɗu ke nan.

Dalili kuwa shi ne Tela, saurayin da shagonsa ke kallon ƙofar gidan. Shi da Auta sun daɗe suna son juna, har Baba ya kusa amincewa. Sai ya ji cewa yaron yana busa sarewa a wuraren biki. Ya kira shi ya ce, "'Yata ba za ta auri mabushi ba. Kada ƙafarka ta sake taka cikin gidan nan!" Tela ya sunkuyar da kai ya ce, "To, Baba."

Auta ta sha kuka har idanunta suka kumbura. Ƙawayenta suka ce, "Ke ma dai! Ba kuna da waya ba? Ku riƙa hira ta waya a ɓoye mana." Amma Tela ya aiko mata ta bakin Yaya cewa abin da yake fatan a ba shi a gaban mutane ba zai ɗauka a ɓoye ba. Kullum da safe yana gaida Baba daga tsallaken titi. Baba kuwa ya kai ɗinkinsa wani shago, inda ba su taɓa daidaita masa wuyan riga ba.

Baƙi suka iso. Inna ta kasa riƙe sunayensu, sai ta raɗa musu Doguwa da Mai Tabarau. Kwana uku ana jera musu burodi da wake na gwangwani da taliya ba ko ɗigon barkono, rediyo kuma na ta zuba kiɗan ƙasarsu a falo. Su dai sai su ɗan taɓa abincin, su yi murmushi, su ce, "Mun gode."

Rana ta huɗu, Doguwa ta bi wani ƙamshi har bayan kicin. Can ta tarar da Inna da Auta a kan tabarma, sun sa kwano ɗaya a tsakiya suna cin abincin gida da hannu. Ta wanke hannu ta zauna. Loma uku, hawaye suka zubo mata saboda yaji, tana fifita baki tana dariya.

"Inna, ƙari!" ta ce da 'yar Hausar da ta koya.

Inna ta tafa hannu. "Wayyo ni! Ashe yunwa muke ta gana wa 'ya'yan mutane! Auta, je ki fito da turmin nan."

Da la'asar kowa ya ƙoshi, an zauna a falo, sai ga muryar sarewa ta taso daga tsallaken titi, siririya, a hankali. Haka Tela yake yi kullum idan ya rufe keken ɗinki. Auta ta dubi ƙasa. Mai Tabarau kuwa, wadda kiɗa take karanta a makarantarsu, ta miƙe tsaye tana yi wa Yaya magana da sauri.

"Baba," in ji Yaya, yana danne murmushi, "ta ce irin wannan ta baro ƙasarsu don ta ji. Tana roƙon a kira mai busar."

Baba ya gyara zama, ya ja wuyan rigarsa. Ba a hana baƙo abin da ya roƙa a gidansa. "Je ka kira shi," ya ce a taƙaice.

Tela ya zo cikin farar riga. Da ya iso bakin ƙofa sai ya tsaya, ya cire takalmi, ya zauna a dakalin waje. Yaya ya yi ya yi da shi ya shigo, ya ƙi. Nan ya ɗaga sarewarsa ya fara.

Mai Tabarau ce ta fara fita da wayarta tana ɗauka. Doguwa ta bi ta da tabarma. Inna ta bi su da kwanon abinci, maƙwabta suka taru ana tafi, Auta ta laɓe a bayan ƙyaure. Aka bar Baba shi kaɗai a falo da rediyonsa. Can ya miƙa hannu ya kashe shi. Ya daɗe yana saurare kafin ya fito.

"Kai," ya ce, "me ya hana ka shiga? Ba ni na aika a kira ka ba?"

Tela ya sauke sarewar ya durƙusa. "Kun aika in yi wa baƙi busa, Baba. Amma maganar da kuka yi mini, ba ku janye ta ba."

Shekara talatin Baba ya yi yana kafa wa yara doka, kuma ya san yawancinsu suna bin ta ne muddin yana kallo. Bai taɓa ganin wanda aka buɗe wa ƙofa, ya zauna a waje saboda kalma ɗaya da aka faɗa masa wata huɗu da suka wuce ba.

Mai Tabarau, da ba ta san abin da ake ciki ba, ta nuna Tela ta ce da guntuwar Hausarta, "Baba, ɗanka ne?"

Baba ya yi gyaran murya. Ya dubi ƙyauren da gefen mayafin Auta ke leƙowa daga bayansa.

"Ya kusa zama," ya ce.

Aka ji gudun Auta zuwa ɗaki, Inna tana dariya tana share ido da bakin zane.

Baba ya juya ga Tela ya ce, "Tashi ka shigo, ɗana. Ka gaya wa manyanka ina jiran su. Kuma gobe ka zo da tef ɗinka ka auna ni, wuyan rigar nan ya kusa shaƙe ni."

Baƙin sun koma ƙasarsu da ƙullin barkono da muryar sarewa a waya. Hedimasta kuma ya gane cewa abin da yake ɓoyewa don kunya shi ne abin da ya fi daraja a gidansa, kuma ba sana'ar mutum ake dubawa ba, halinsa ake dubawa. Su Auta kuwa, da sun bi ta ɓoye, da ba su ga ranar da aka kira Tela ɗa a gaban jama'a ba. Wanda ya yi haƙuri ya girmama iyaye, ta ƙofar gaba yake shiga.